Horon ciro DNA a wani ɗakin gwaje-gwaje na Katsina: ko ya cancanci kuɗinsa?

Duk wanda ya kammala digiri a fannin ilimin halittu ya fara duba tallace-tallacen aikin bincike, zai riƙa cin karo da sharaɗi guda, wato a nuna an taɓa ciro DNA (sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado na halitta) da hannu, an kuma sarrafa na'urar PCR, wadda ke ninka yawan wani yanki na DNA. Wannan buƙata ce wani ɗakin gwaje-gwaje mai zaman kansa a cikin birnin Katsina yake ƙoƙarin biya ta hanyar gajeren horo, kuma a matsayina na wadda ta halarta, ina ganin ya cancanci kuɗinsa, ko da yake akwai gyara.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne ba a bar kowa ya tsaya kallo ba. Kowane ɗalibi ya niƙa ganyen wake da kansa, ya tace, ya auna sinadarai ɗigo-ɗigo, sannan ya saita na'urar ta yi zagaye kusan 30, daga zafin digiri 95 da ke raba igiyoyin DNA biyu, zuwa digiri 72 da ake gina sababbi. Malamar da ke kula da mu ba ta da gaggawa. Idan hannun mutum ya yi rawa ya huda ramin jel ɗin da ake zuba samfuri a ciki don a ga DNA, sai ta ce, "Sake zubawa, ƙanwata, kowa da haka ya koya." Ranar da layukan samfurina suka bayyana a ƙarƙashin fitilar gwaji, ranar na fahimci abin da na daɗe ina haddacewa a takarda.

Zaɓen wake ma hikima ce, domin binciken amfanin gona na daga cikin manyan ƙofofin samun aiki a Arewa. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ce ta samar da irin waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar maruka, wanda aka amince da fitar da shi a 2019, sannan cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, da ke Ibadan tana da reshe a Kano. Ta fuskar lafiya kuwa akwai cibiyar binciken lafiya ta ƙasa, NIMR, a Legas da cibiyar binciken ƙwayoyin gadon cututtuka da aka fi sani da ACEGID a garin Ede na Jihar Osun, ga kuma cutar sikila da ta addabi gidajenmu tana jiran masu bincike.

Inda horon ya gaza shi ne nazarin bayanan ƙwayoyin gado a kwamfuta, wanda aka taɓa shi sama-sama alhali masu ɗaukar aiki suna tambayarsa sosai. Wuta ma ta ba mu matsala: an ɗauke ta ana tsakiyar gwaji, janareta bai tashi da wuri ba, dole aka sake aikin washegari, kuma wannan abin damuwa ne a wurin da ake ajiye sinadarai a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili.

Wanda zai yi rajista ya fara tambayar adadin ɗaliban da za su raba na'ura ɗaya, ya kuma nemi a rubuta masa a takardar shaida ainihin gwaje-gwajen da ya yi da hannunsa, domin su za a bincika a wurin intabiyu.