Gargaɗi Kan Masu Tallar Ɗanyen Zinare a Buhu

Jama'a a yi hattara. Akwai wasu 'yan damfara da ke yaɗa bidiyo a WhatsApp da Facebook, suna zuba wani yashi mai ƙyalli a tafin hannu, wai sun faɗa kan jijiyar zinare a ramin haƙa amma ba su da kuɗin tacewa, shi ya sa za su sayar da araha. Ƙanen mahaifina ya faɗa tarkonsu, jarin da ya daɗe yana tarawa ya salwanta a yini guda. Abin yana ci mini rai har yanzu, don gwajin minti biyar da ya tsirar da shi.

Dabararsu ita ce ɗan samfurin da suke fara ba ka. Wannan zinare ne na gaske. Ka kai wa maƙeri ya tabbatar, hankalinka ya kwanta. Sai ranar ciniki su zo da buhu, su ce wani mai saye yana jira, a yi sauri. Abin da ke ciki fairait ne, ma'adinin ƙarfe da farar wuta wanda ake wa laƙabi da zinaren wawa, wani lokaci a cakuɗa da garin tagulla.

Launi kaɗai ke haɗa su, kuma a sanin ma'adinai launi shi ne shaidar da ta fi rauni. Ka ɗebi ƙwaya da hannunka daga can ƙasan buhun, ka buga mata guduma. Zinare bajewa yake kamar dalma, fairait kuwa tarwatsewa yake ya zama gari. Ka goga wata ƙwayar a bayan tayil, wajen da ba shi da santsi. Zinare zai bar layi rawaya, fairait zai bar baƙi mai ratsin kore. A ma'aunin tauri da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, zinare bai wuce 3 ba, wuƙa ma tana yankarsa. Fairait yana tsakanin 6 da 6.5, har gilashi yake karcewa. Ga kuma nauyi: zinare ya ninka ruwa sau 19, fairait kusan sau 5 kawai. Buhun da suka ba ƙanen mahaifin nawa, da zinare ne, da wuya ya iya ɗaga shi da hannu ɗaya kamar yadda ya yi.

Siffar ƙwayar ma tana ba da labarin inda ta fito. Zinare yakan samu a jijiyoyin farin dutse da ruwa mai zafi ya bari a tsagogin duwatsu. Iska da ruwan sama su ruɓar da dutsen, kogi ya kwashi ƙwayoyin ya yi ta gurza su, har su zama sumul, gefensu a mulmule. Fairait kuwa yakan zo da kusurwoyi masu kaifi, kamar ƙananan akwatuna. Wanda ya ce a kogi ya wanko, alhali kayansa duk kusurwa ne, ƙarya yake.

Irin wannan lura tana cikin abin da ya tona badaƙalar kamfanin Bre-X na Kanada a 1997. An yi ta shelar cewa an gano zinare mai ɗimbin yawa a Busang, tsibirin Borneo na Indunusiya, ashe barbaɗa zinare ake yi a samfurin dutsen. Da masu bincike suka duba ƙwayoyin, sai suka ga irin na kogi ne, ba na cikin dutse ba. Masu hannun jari suka yi asarar biliyoyin daloli.

Idan dunƙule ko sanda suka kawo, nauyi kaɗai bai isa ba, domin ƙarfen tungistin nauyinsa kusan ɗaya ne da zinare, kuma ana rufe shi da ruwan zinare. Wannan sai ɗakin gwaji wanda kai ka zaɓa. Kada ka biya ko sisi kafin sakamako ya fito, kuma kada kayan da aka gwada su sake komawa hannunsu kafin a kammala ciniki. Idan sun ƙi, ka adana lambobinsu da hirarku ka kai wa 'yan sanda.