Tarihin juyin juya hali: wane littafi za ka fara saya?

Ɗalibin da ke neman abin karantawa a kan juyin juya halin Faransa, tasowar masana'antu da kishin ƙasa, yawanci kuɗin littafi ɗaya ne a aljihunsa, in ya yi yawa biyu. Ga inda nake ganin ya kamata ya sa su. Littattafan duka da Turanci suke.

Wanda malamai suka fi ambata shi ne The Age of Revolution na Eric Hobsbawm, wanda ya fito a 1962. Ya ɗauko labarin daga 1789 ya ajiye a 1848. Abin da yake son tabbatarwa shi ne juyi biyu ne suka haifi duniyar da muke ciki: na siyasa a Faransa, da na masana'antu a Ingila. Babinsa na juyin masana'antu, inda ya yi bayanin auduga, shi kaɗai ya biya kuɗin littafin. A nan za ka ga yadda masaƙun Lancashire ta Ingila suka rayu da audugar da bayi ke nomawa a jihohin kudu na Amurka, da yadda yadinsu mai araha ya karya masaƙan Indiya. Hobsbawm mabiyin ra'ayin Karl Marx ne, bai kuma ɓoye ba, don haka talaka da ɗan ƙwadago suna da wuri babba a wurinsa.

Amma ka san abu biyu kafin ka biya. Yana rubutu ne kamar ka riga ka san abin da ya faru, shi dalili kawai yake bayani. Wanda bai taɓa jin sunan Robespierre, ɗaya daga cikin jagororin juyin Faransa, ba zai sha wuya a farko. Sannan ya tsaya a 1848. Idan jarrabawarka a kan haɗewar Italiya ce a 1861, ko ta Jamus a 1871, ko 'yanta manoman Rasha a 1861, ko sauyin Meiji na Japan a 1868, ba shi kake nema ba. Na biyunsa kake so, The Age of Capital na 1975, wanda ya kai 1875.

Babban giɓin The Age of Revolution kuwa shi ne idonsa na kan Turai. Haiti 'yan layuka ta samu. Wannan ne ya sa nake cewa kuɗin littafi na biyu su tafi ga The Black Jacobins na C.L.R. James, ɗan Trinidad, wanda aka buga a 1938. Haiti, wadda Faransawa ke kira Saint-Domingue a lokacin, ita ce mulkin mallakarsu mafi kawo riba, da sukari da kofi. A 1791 bayi suka tashi. Suka yaƙi sojojin Ingila da na Sifen, daga baya suka kori rundunar da Napoleon ya aiko. Jagoransu Toussaint Louverture ya mutu a kurkuku a Faransa a 1803, amma ranar 1 ga Janairu 1804 magajinsa Dessalines ya shelanta 'yancin Haiti. James ya nuna cewa 'yancin da ake ta kururuwa a Faris, bayin nan ne suka riƙe shi da gaske. Littafin yana tafiya kamar labari, ba ka buƙatar malami a gefe, kuma wanda ya gama shi zai koma wa Hobsbawm da tambayoyi masu kyau.

Akwai The Birth of the Modern World na C.A. Bayly, bugun 2004, daga 1780 zuwa 1914. Ya fi su faɗi: Indiya, Sin, Daular Usmaniyya, addini, birane, duk ya saƙa su wuri ɗaya. Yana da nauyi, a jaka da a kai. Mai digiri na biyu ya saya, ɗan aji ɗaya ya dakata tukuna.

Mu kuma muna da tamu tambayar. Shekarar 'yancin Haiti, 1804, ita ce shekarar hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu da yaƙin Tabkin Kwatto. Shin jihadin yana cikin zamanin juyin nan, ko dabam yake? Paul Lovejoy ya amsa a littafinsa na 2016, Jihad in West Africa during the Age of Revolutions, inda ya ce yana ciki, ya kuma ƙalubalanci Hobsbawm kan barin Afirka ta Yamma a waje. Mai shirin rubuta kundi a kan Daular Sakkwato ya neme shi, ko da sai an yi masa oda. Sai dai na uku ne, domin ba za ka ji daɗin gardamar ba sai ka san wanda ake yi da shi.

Wajen sayen kuwa, na gwanjo mai kyau ya fi sabo na jabu. Buɗe tsakiya ka bi lambobin shafi, ka ga taswirori ba su dushe ba, ka tabbata fihirisar baya tana nan, don a nan masu satar bugu suka fi rage takarda. In na James ne, nemi bugun da aka sabunta a 1963 ko na bayansa, shi ne mai ƙarin babi a ƙarshe da ya kawo labarin har zamanin Fidel Castro.