Ƙananan kwalaben tafiya sun yi min rana, ban da wajen humra

Saitin da nake magana a kai shi ne irin wanda ake sayarwa a shagunan kayan kwalliya: kwalabe huɗu na roba mai laushi, biyu na feshi, 'yan gwangwanaye biyu masu murfi, ƙaramin mazurari, sai jakar leda garai-garai mai zif da ake zuba su duka a ciki. Kuɗinsa bai kai na kwalbar turare ɗaya mai kyau ba. Na yi ta yawo da shi tsakanin Kano, Jidda da Ingila inda 'yata take aure, don haka ina ganin na isa in faɗi albarkacin bakina a kansa.

Dokar taƙaita abu mai ruwa a jakar hannun matafiyin jirgin sama, wadda ta haifar da wannan kasuwa, ta samo asali ne a watan Agustan 2006, lokacin da 'yan sandan Ingila suka kama wasu mutane da ke shirin tarwatsa jiragen da ke tashi daga Heathrow zuwa Amurka da Kanada, da sinadarai masu ruwa-ruwa da aka ɗura a kwalaben lemo. A kwanakin farko har jakar hannun gaba ɗaya aka hana shiga da ita, uwa kuma sai ta kurɓi madarar jaririnta a gaban jami'i kafin a bar ta ta wuce. Zuwa Nuwamban shekarar aka tsaya a kan ƙa'idar da muka sani yau: kowace kwalba kada ta wuce mililita 100, dukkansu kuma su shiga leda ɗaya mai cin lita 1. Abin da ke cin mutanenmu shi ne girman kwalbar ake dubawa, ba abin da ya rage a cikinta ba. Ko da man ya kusa ƙarewa, in dai jikin robar an rubuta 200, kwandon shara za ta.

A nan ne saitin ya biya kuɗinsa. Kwalaben robar bakinsu faɗi ne, ana ɗura man shafawa ko sabulun ruwa ba tare da ɓarna ba, ana kuma iya juya cikinsu a wanke. Biyu daga ciki an buga musu "90ml" a ƙasa, kuma wannan ɗan rubutun ya fi komai amfani, domin jami'i na juya kwalbar ya gani sai ya ajiye. Sauran biyun ba rubutu, su ne kullum ake ɗagawa sama ana jujjuyawa. Mai saye ya duba wannan tun a shago. Gwangwanayen kuwa na man kaɗanya ne a wurina. Mutane da yawa ba su ɗauke shi a matsayin ruwa ba tunda a hunturu daskarewa yake kamar dutse, amma a wurin bincike duk abin da za a iya zubawa, ko a shafa, ko a fesa, ruwa ne. Man goge baki, man gashi, kwaɓaɓɓen lalle, man shanu, tunkuzar da ba ta bushe ba, duk layinsu ɗaya. Sabulun dunƙule da dabino da yaji ba ruwansu da dokar. Kilishi ma yana wuce wannan matakin, sai dai kwastam na Ingila da Amurka ba sa yarda a shigar musu da nama, wannan wata rigimar ce daban.

Inda saitin ya ba ni kunya shi ne turare. Humrar da na zuba a kwalbar roba ta tsatso ta jikin murfin, robar ta yi danƙo, ƙamshin kuma ya kama ta har yau, duk wankin da na yi. Irin wannan roba ba ta jituwa da mai ko turare mai ƙarfi, kuma babu inda aka rubuta hakan a kwalin. Kwalaben feshin sun fi muni, ɗaya hancinta ya toshe, ɗayar tana yoyo. Dama in jirgi ya yi sama iskar da ke cikin kwalba kumbura take yi ta turo abin da ke ciki waje, shi ya sa ake matse robar a fitar da iska kafin a rufe, amma kwalba mai tauri ba ta matsuwa. Yanzu turarena a 'yan kwalaben gilashin nan na masu oud nake zuba shi, masu cin mililita 3, 6 ko 12, waɗanda kowane mai turare a kasuwar Kantin Kwari ko shagunan Makka yake da su. Ba su taɓa zubar min ba.

Jakar ledar ma akwai magana. Kyakkyawa ce, mai kauri, amma an yi mata ciki da faɗi har ta zarce lita 1. A wani filin jirgi na Turai sai da aka sa na juye komai cikin tasu ledar, siririya mai faɗin santimita 20 da tsawo 20, mutane na jira a bayana da takalma a hannu. Tun daga nan ledar ajiye abinci a firiza nake amfani da ita.

Akwai kuma abin da ba saitin da zai yi maganinsa. Na ga wata dattijuwa a layin bincike da galan ɗin zuma ƙarami, an naɗe shi da zani an ɗaure tam, tsarabar jikokinta. Akwatinta ya riga ya wuce awo. Jami'in yaro ne matashi, ya sunkuyo ya ce, "Mama, ku yi haƙuri, wannan ba zai shiga jirgi a hannu ba."

Ta ce, "Ɗana, zuma ce fa. Buɗe ka lasa."

Ya ce, "Na yarda zuma ce, Mama. Akwai wanda ya rako ku a waje a miƙa masa?"

Wanda ya rako ta ya daɗe da tafiya. Ba na ganin laifin yaron, na fi ganin na masu sayar da tikiti da 'ya'yan da ke tura iyaye tafiya ba tare da sun zauna sun raba musu kaya ba: wannan na awo, wannan na hannu. Haka nan ba a cika gaya wa mutane sassaucin da ke cikin dokar ba. Madarar jariri da abincinsa suna wucewa in jaririn yana tare da ku. Magani na ruwa da ya haura mililita 100 yana wucewa, musamman da takardar likita. Gorar ruwa in babu komai a cikinta tana wucewa, sai a cika ta bayan bincike, maimakon a sayi ruwa da tsadar cikin filin jirgi. Zamzam kuwa nasa tsarin daban ne: jarka mai lita 5 da aka rufe a kwali, a matsayin kayan awo, ba a jakar hannu ba, ba kuma a cusa a cikin akwati ba.

Wasu za su ce ai an kusa daina dokar. Gaskiya ne an kawo sababbin na'urori masu haska cikin jaka ta kowace fuska, kuma filin jirgin London City ya janye iyakar a 2023. Amma a Yunin 2024 gwamnatin Ingila ta dawo da ita a filayen da suka janye, Tarayyar Turai ma ta yi haka daga 1 ga Satumba na shekarar. A Yulin 2025 Edinburgh da Birmingham suka sake buɗewa har zuwa lita 2. Wato yanzu kowane fili da tasa, kuma wanda zai sauya jirgi a Alƙahira, Adis Ababa ko Istanbul yana iya sake bin wani binciken. Abin da aka bari ya wuce a farkon tafiya ana iya karɓe shi a tsakiya. Hatta turaren da aka saya a shagunan cikin filin jirgi, sai yana cikin ledarsa da aka liƙe da rasit a ciki, in ka ɓare ta kafin ka isa ka ja wa kanka.

Saboda haka har yanzu ina shirya jakata a kan mililita 100 ko ina za ni. Wanda zai saya, ya nemi saitin da aka buga wa kowace kwalba awonta, ya ɗauka cewa kwalaben roba da gwangwanayen kaɗai ya biya wa kuɗi, turarensa kuma ya nema masa gilashi.