Moodle a hannun malamin jami'a

Na shafe zango biyu ina koyar da ɗaliban jami'a ta manhajar Moodle, wadda Martin Dougiamas ya ƙirƙiro a Ostireliya, aka fara sakinta a 2002. Abin da ya fi gamsar da ni shi ne sashen jarrabawa, domin yana zaɓo wa kowane ɗalibi tambayoyi daban daga rumbun da na tanada, ya kuma cakuɗa jerin amsoshi, wanda hakan ya rage satar amsa ƙwarai. Ɗaliban da ba su da isasshen data suna sauke darasi a waya, su karanta daga baya. Sai dai tsara littafin maki yana da wahala, kuma sabon malami zai sha fama kafin ya saba da shi.