Na'ura Mai Aika Sigina da Mai Saurare a Wasan MegaTraveller

A wasan tebur na MegaTraveller, wanda ya fito a 1987, jirgin sararin samaniya yana iya ɗaukar na'urorin gano abokin gaba iri biyu. Ta farko tana aika sigina kamar rada, kuma abin da ya dawo mata yana nuna nisan jirgin abokin gaba da saurinsa daidai. Sai dai siginar tana isa wurinsa da ƙarfi fiye da yadda take dawowa, saboda haka yakan riga ka sanin inda kake. Ta biyu shiru take yi, tana tsintar zafin injina da siginar rediyo, ko da yake bayaninta bai cika ba. Ga ɗan kasuwa mai ƙaramin jirgi da ke gudun 'yan fashi, ta biyun na fi amincewa da ita.