Fim ɗin Narnia na 2005: shin ya dace a kunna wa yara a falo?

Wanda yake son amsa a gajarce, ga ta: yaro ɗan shekara takwas zuwa sama zai iya kallonsa, musamman idan akwai babba a kusa. Ɗan shekara biyar ko shida kuwa, gara a ɗan jinkirta masa, ko kuma a zauna da shi da rimot a hannu. Dalilin kuma ba yaƙin da ke ƙarshen fim ɗin ba ne, kodayake shi ne iyaye suka fi sa wa ido.

Fim ɗin da ake magana a kai shi ne The Chronicles of Narnia: The Lion, the Witch and the Wardrobe, wanda ya fito a watan Disamba na 2005. Andrew Adamson ne ya ba da umarni, Disney da Walden Media suka shirya, daga littafin da C. S. Lewis ya wallafa a 1950. Tsawonsa minti 143, wato awa biyu da minti 23. A Amurka da Birtaniya duka an ba shi alamar PG, ma'ana a kalla da sa-idon iyaye. Hukumar tace finafinai ta Birtaniya tana fassara wannan alama da cewa bai kamata fim ɗin ya tayar wa yaro mai kimanin shekara takwas zuwa sama hankali ba. Matsalar PG ita ce faɗinta. Fim ɗin barkwanci da babu abin tsoro a cikinsa sai faɗuwa daga kujera yana iya samun ta, wannan da ake yanka zaki a ɗaure ma ya same ta.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Yara huɗu 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, Peter da Susan da Edmund da autarsu Lucy, an kwashe su daga Landan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu zuwa gidan wani tsohon farfesa a ƙauye. Ana cikin wasan ɓuya Lucy ta shige wani ƙaton wadirob, ta ratsa cikin riguna, sai ga ta tsaye a daji cikin dusar ƙanƙara. Ƙasar Narnia ke nan, inda Farar Mayya ta shekara ɗari tana mulki, ta hana hunturu wucewa. Dabbobin wurin suna magana, kuma suna jiran dawowar wani zaki mai suna Aslan.

Tun minti na farko fim ɗin yake gwada ƙarfin zuciyar yaro. Jiragen yaƙin Jamus ne a sama da dare, jiniya tana kuka, bama-bamai suna sauka, gilashin taga ya tarwatse a daidai lokacin da Edmund ya koma cikin gida ɗauko hoton mahaifinsa. Babu gawa, babu jini, amma ƙarar tana da ƙarfi. A rage sauti kafin a danna farawa, in kuma talabijin ɗin yana da tsarin sauti na dare wanda yake daidaita ƙara da magana, a kunna shi, domin fim ɗin yana yawan tsallakawa daga raɗa zuwa tsawa. Bayan nan sai tashar jirgin ƙasa, uwa tana maƙala wa 'ya'yanta takardar suna a riga tana ban kwana da su. Yaron da rabuwa da uwa take damunsa zai fi jin wannan fiye da bam ɗin.

Wurin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne haɗuwar Lucy da Tumnus, wani halitta rabinsa mutum rabinsa bunsuru. James McAvoy ya fito da shi mai kunya, mai ban tausayi, har mai kallo ya ji ya shiga ransa. To amma a duba abin da ya faru zalla: ƙaramar yarinya ta haɗu da baƙon da ba ta sani ba a daji, ya gayyace ta gidansa shan shayi, ta ce ya kamata ta koma, ya lallashe ta ta bi shi. A can ya busa mata sarewa har barci ya ɗauke ta, da niyyar miƙa ta ga Mayya. Daga baya ya yi nadama, ya yi kuka, ya raka ta hanya, suka zama aminai. Fim ɗin bai taɓa nuna cewa bin sa da ta yi kuskure ne ba. Babba zai gane cewa labarin tuba ake bayarwa, amma abin da ɗan shekara shida zai ɗauka shi ne baƙo mai murmushi ba ya cutarwa. A nan ya kamata a tsayar da fim na minti ɗaya a tambayi yaran: da ke ce, za ki bi shi? Wa za ki faɗa wa?

Abin sha'awa, ba a jima ba fim ɗin da kansa ya kawo kishiyar wannan. Edmund ya haɗu da Mayya a kan kekenta na ƙanƙara, ta lulluɓe shi da mayafinta, ta ba shi abin sha mai zafi da alewar Turkiyya, ta yi masa alkawarin sarauta in ya kawo mata 'yan uwansa. Tilda Swinton, wadda ta fito a Mayya, ba ta ɗaga murya ba, ba ta zare ido ba, kuma wannan sanyin ne yake sa tsikar jiki ta tashi. Yadda mai yaudarar yara yake aiki ke nan sak: kyauta, yabo, sai kuma "kada ka faɗa wa kowa". In aka haɗa wuraren nan biyu aka tattauna, fim ɗin ya biya kuɗinsa.

Tsakiyar fim ɗin gudu ne da ɓuya. Kyarketai su ne 'yan sandan Mayya, shugabansu Maugrim, kuma sau da yawa sukan faɗo cikin hoto ba zato. Akwai inda Edmund yake tsallake wani abu da ya ɗauka gunki ne sai ya zabura ya danne shi. Akwai kogin da ya daskare yana tsagewa a ƙarƙashin ƙafafun yaran. Mayya tana mayar da masu rai dutse da sandarta, ta mari Edmund a fuska, ta sa an ɗaure shi da sarƙa a kurkukun ƙanƙara. Waɗannan firgita ne na ɗan lokaci, yawancin yara sukan rufe ido su buɗe a ci gaba. Maganar gaskiya, wannan sashe ya ɗan yi ja, kuma 'yan wasan da suka fito a Peter da Susan ba su kai ƙannensu sakin jiki ba. Wasu wuraren da aka haɗa da kwamfuta sun tsufa, ana ganin yaran kamar an manna su a kan hoto. Zakin dai har yanzu yana da kwarjini, gashinsa da tafiyarsa da muryar Liam Neeson duk sun zauna. Kwalliyar dodannin kuma ita ta ci wa fim ɗin kyautar Oscar.

Sai Teburin Dutse, a kashi ɗaya bisa uku na ƙarshe. Aslan ya yarda ya ba da ransa a madadin Edmund. Da dare ya tafi shi kaɗai, Lucy da Susan suna laɓe suna kallo. Taron dodanni riƙe da wuta suna ihu suna yi masa ba'a, aka buge shi ya faɗi, aka ɗaure shi da igiya har baki, aka aske masa geza, aka ja shi a ƙasa kan matakala. Ana buga ƙasa da sanduna kamar ganga, sai aka yi tsit, Mayya ta ɗaga wuƙa. Kyamara ba ta nuna shigar wuƙar ba, idon zakin ta nuna yana rufewa. Rashin jinin bai rage komai ba, domin abin da yake taɓa yaro shi ne wulaƙanta dabbar da ba ta rama ba, da kuma 'yan matan nan biyu kwance a jikin gawar suna kuka. Sannan fim ɗin ba ya gaggawar kwantar da hankali. Yana barin zakin a mace ya koma wajen shirin yaƙi, sai gari ya waye teburin ya tsage sannan ya tashi.

Abubuwa biyu ne suke rage wannan. A faɗa wa ƙaramin yaro tun kafin wurin ya zo cewa zakin zai dawo. Sanin ƙarshen ba ya ɓata wa ɗan shekara bakwai kallo, yana ba shi abin riƙewa ne. Na biyu, kada a kashe fim a nan a ce sai gobe, yaro ya kwana da mataccen zaki a ka. In za a raba kallon gida biyu, kuma da wannan tsawo ya kamata a raba wa ƙanana, wurin tsayawa mafi kyau shi ne bayan an ceto Edmund ya koma cikin 'yan uwansa a sansanin Aslan.

Yaƙin kansa, wanda ake ta tsoro, ya zo da sauƙi. Da rana aka yi shi a fili mai ciyawa, tsuntsaye masu jikin zaki suna jefo duwatsu daga sama, dawakai masu kan mutum suna karo da bijimai masu tafiya da ƙafa biyu. Ana sara ana faɗuwa, amma takubba suna fitowa tsaf. Abin lura kawai shi ne yara ne suke riƙe da makaman. Baba Kirsimeti ne ma ya raba musu: Peter takobi da garkuwa, Susan baka da ƙaho, Lucy 'yar wuƙa da kwalbar magani. Peter ya kashe kyarkeci da hannunsa, Susan ta harbe wadan Mayya da kibiya, Mayya kuma ta soki Edmund a ciki, ya kwanta yana numfashi da ƙyar har Lucy ta ɗiga masa maganin. Gidan da ke da yara maza masu kwaikwayo, a sa ran tsintsiya da muciya za su zama takubba na kwana biyu.

Ta fuskar tarbiyya fim ɗin tsaf yake. Babu zagi, babu sumbata, babu soyayya kwata-kwata. Tumnus ba ya sa riga sai gyale a wuya, farfesa kuma yana da lofe, iyakarta ke nan. Edmund yana ƙarya da cin amana da gatsali ga yayansa, amma ya ɗanɗana kuɗarsa, kuma yadda 'yan uwansa suka karɓe shi ba tare da gori ba yana cikin wurare mafi kyau a fim ɗin.

Akwai batun aƙida, wanda bai kamata iyaye su gano shi a tsakiyar kallo ba. Lewis sanannen marubucin addinin Kirista ne, kuma mutuwar Aslan don fansar mai laifi da tashinsa bayan haka sun yi daidai da labarin gicciye da tashi kamar yadda Kiristoci suka yi imani da shi. Ana kiran yaran 'ya'yan Adamu da Hauwa'u, dawowar Kirsimeti kuma ita ce alamar karyewar mulkin Mayya. Fim ɗin ba ya wa'azi, ba a ambaci coci ko Yesu ba, ƙaramin yaro zaki kawai zai gani. Mai shekara goma sha biyu yana iya tambaya. Iyalin Kirista za su ga wannan a matsayin riba. Iyalin da aƙidarsu ta bambanta sai su yanke shawara tun da wuri, ko su kalla a matsayin tatsuniya su yi bayani, ko su bar shi. Haka ma gidan da ba sa son tsafi a abin kallon yara ko da na almara ne, su sani cewa sihiri ya ratsa labarin daga farko har ƙarshe, a hannun mugu da na kirki.

Turancin na Ingila ne, dabbobin kuma kowacce da irin karin harshenta, saboda haka rubutun ƙasan allo yana taimakawa ga yaron da ya iya karatu. Kuma idan a manhajar kallo ake gani, a kashe tsarin da yake kunna na gaba da kansa. Na biyun, Prince Caspian na 2008, shi ma PG ne, amma mutane ne suke kashe mutane a cikinsa, yaƙe-yaƙensa sun fi yawa sun fi duhu, kuma akwai sumbata a ƙarshe. Wannan sai a bar shi sai yaro ya kai goma.