Keken Lantarki: Dokar Turai ko Ta Amurka?

A Tarayyar Turai layi ɗaya aka ja. Idan ƙarfin injin bai wuce wat 250 ba, yana taimakawa ne kawai lokacin da mahayi ke taka feda, kuma taimakon ya yanke a kilomita 25 cikin awa, to keke ne a idon doka. Ba lasisi, ba lamba, kuma duk inda keke ke bi shi ma zai bi. Wanda ke kaiwa kilomita 45 kuwa ƙaramin babur ne, sai da rajista da inshora.

Amurka ta fi sakin mara, har kusan wat 750. California ta kawo tsarin aji uku a 2015, jihohi da yawa suka bi. Aji na ɗaya na feda ne, iyakarsa mil 20 (kusan kilomita 32) a awa. Na biyu yana da totur, iyakar gudu ɗaya. Na uku yana kaiwa mil 28 (kusan kilomita 45), shi ya sa wurare da dama ke hana shi hanyoyin da masu tafiya a ƙafa ke bi.

A daji lamarin ya fi rikicewa. Hukumar gandun daji ta Amurka tana lissafa keken lantarki cikin ababen hawa masu inji, saboda haka ana iya hana shi turbar da keken gargajiya ke bi.

Ni dai na fi gamsuwa da tsarin Turai, domin tsoho mai tafiya a gefen hanya ya fi samun kariya. Sai dai mai doguwar tafiya zuwa aiki zai ga gudun kilomita 25 a awa ya yi masa kaɗan, kuma yana da hujja.